Wa ya naɗa Saul, Ubangiji ko jama'a?

A 1 Sama'ila 12:13, annabi Sama'ila ya tsaya gaban Isra'ilawa ya nuna Saul, ya ce musu ga sarkin da suka zaɓa, suka kuma roƙa. A cikin ayar dai ya ƙara da cewa Ubangiji ne ya naɗa musu shi. Masu wa'azi da yawa kan ɗauki rabin maganar su bar rabi. A ganina marubucin da gangan ya jera su tare, don kada kowa ya samu wurin fakewa.

Dattawan da suka je Rama neman sarki ba shashashu ba ne. Sama'ila ya tsufa. 'Ya'yansa, Yowel da Abiya, da ya sa alƙalanci a Biyer-sheba, cin hanci suke yi. Filistiyawa sun danne ƙasar har babu maƙeri ko ɗaya a Isra'ila, ko garma mutum zai wasa sai ya gangara wurinsu. Nahash sarkin Ammonawa kuma yana barazana daga gabas. Sarauta ma ba baƙuwa ba ce a shirin Allah: an faɗa wa Ibrahim a Farawa 17:6 cewa sarakuna za su fito daga zuriyarsa, Maimaitawar Shari'a 17 kuma ta riga ta tanadi dokar sarki.

To ina laifin? Yana cikin dalilinsu. Sun ce suna so su zama kamar sauran al'ummai, da sarkin da zai shige gaba ya yi musu yaƙi. Wannan aikin Ubangiji ne tun fitowarsu daga Masar. Shi ya sa aka ce wa Sama'ila ba shi suka ƙi ba, Allah suka ƙi. Duk da haka umarnin da ya biyo baya shi ne ya saurare su, amma ya gargaɗe su tukuna. Gargaɗin kuwa lissafin haraji ne tsantsa: samari su tafi karusan yaƙi, 'yan mata su koma girki, tuya da haɗa turare, gonaki mafi kyau su koma hannun fadawa, a karɓi kashi ɗaya cikin goma na hatsi da na garke. Suka ƙi jin gargaɗin, suka ce su dai sai an naɗa musu sarki.

Yadda aka naɗa Saul ma abin lura ne. Ya fita neman jakunan mahaifinsa Kish, alhali kwana ɗaya kafin ya iso an riga an sanar da Sama'ila zuwansa. Aka shafa masa mai a keɓe. Sannan a Mizfa aka jefa ƙuri'a a bainar jama'a, ta faɗa kan kabilar Biliyaminu, ta faɗa kan dangin Matri, ta faɗa kansa, shi kuwa ya ɓuya cikin kaya. Amma wasu suka raina shi, shi ma ya koma gona. Sai da ya ceci Yabesh-gileyad daga Nahash jama'a suka taru a Gilgal suka tabbatar da sarautar. Zaɓin na sama ne, amma gadon bai zaunu ba sai da mutane suka amince.

Tun ƙarni na 19 masana irin su Julius Wellhausen ke cewa an haɗa labarai biyu ne, ɗaya mai goyon bayan sarauta, ɗaya mai adawa da ita. Ko da hakan ne, wanda ya haɗa su bai goge ko ɗaya ba. Mai karatu Musulmi zai tuna labarin Ɗalutu a Suratul Baƙara, inda jama'a suka roƙi sarki, sannan suka yi gardama da wanda Allah ya zaɓa.

Inda nake sāɓawa da masu cewa "Allah ne ya ba shi" don rufe bakin mai ƙorafi shi ne, a wannan littafin zaɓaɓɓen sarki ya fi kowa ɗauri. Dokar sarki ta Maimaitawar Shari'a 17 ta ce kada ya tara dawakai, ko mata, ko azurfa da zinariya, ya kuma kwafi Shari'a ya riƙa karantawa muddin ransa. Saul ya jira kwana bakwai a Gilgal, ya ga sojoji na watsewa, ya miƙa hadaya da kansa, aka ce masa mulkinsa ba zai ɗore ba. Shafaffe ne, amma shafewar ba ta kāre shi ba.

Sulemanu ya keta dokar sashe bayan sashe: karusai 1,400, mata 700 da ƙwaraƙwarai 300, talanti (wani babban ma'aunin nauyi) 666 na zinariya a shekara, mutum 30,000 a aikin tilas. Da ɗansa Rehobowam ya ƙi sassauta wa jama'a a Shekem, kabilun arewa suka ɓalle, wajen shekara ta 930 kafin haihuwar Almasihu. 1 Sarakuna 12:15 ta ce juyin daga Ubangiji ne, bayan ta gama bayyana yadda sarkin ya watsar da shawarar dattawa ya bi ta tsaransa.