Hatsin Maradi da burodin da babu alkama

Jama'ar Maradi akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yadda muka ɗauki bagat abincin wayayyu, hatsi kuma muka bar ma mutanen ƙauye. Nan Faransa inda nike zaune abin a juye yake. Ka shiga babban kanti ka tarar da layi guda na kayan da babu gulutin, sinadarin danƙon alkama, an buga musu hoton zangarniyar alkama an ja mata layi, ɗan burodi yanka kaɗan cikin leda ya ninka kuɗin bagat nesa ba kusa ba, in ka juya ledar ka karanta sai ka ga garin shinkafa, masara, sitacin rogo, wani sa'in gero ko dawa. Wallahi na ƙarshen nan su ne cike da rumbunan Tibiri da Madarunfa.

Ni dole ta sa na koyi gashin burodin a gida, ɗiyata likita ya tabbatar tana da cutar seliyak. Gulutin wani sinadari ne da ke cikin alkama da sha'ir, shi ke sa kwaɓin fulawa yin danƙo ya riƙe iskar yis ya kumbura. Mai wannan cutar in ya ci, jikinshi da kanshi ke ɓata bangon ƙaramin hanji, abinci ya daina shiga jiki, kuma magani ɗaya ne, barin alkama har ƙarshen rayuwa. Wajen mutum 1 cikin 100 ke da ita a duniya.

To gashin ba irin na bulanje ba ne sam. Ba a murza shi, ba a bugu, kwaɓin ruwa ruwa yake kamar ƙullun masa, zuba shi kake cikin gwangwani ya tashi sau ɗaya ka kai wuta. Ina haɗa garin hatsi da na shinkafa da sitacin rogo, yis, gishiri, ɗan mai, sai abin da zai riƙe shi tunda danƙon alkama babu. Turawa wani gari suke sawa mai suna psyllium, ni kuwa garin busasshiyar kuɓewa nike ɗan barbaɗawa, yauƙinta na taimakawa, amma kaɗan fa in ba haka ba ɗanɗanonta ya fito. Wuta digiri 200, wajen awa guda, kuma kar ka kuskura ka yanka da zafi, cikin zai cakuɗe maka a wuƙa, sai ya huce sarai. Garin hatsi kuma baya jure ajiya, yana da mai a jikinshi, kwana kaɗan sai ya fara ɗaci, shi ya sa nike sayen tsabar a shagunan 'yan Afirka na unguwar Shato Ruj a Paris in niƙa daidai wanda zan yi aiki da shi. Uwayenmu da ke daka na ranar kawai sun san abin da suke yi.

Ba zai taɓa zama bagat ba kuma ban ga dalilin da za a tilasta mishi ba. Yana da nauyi, yana riƙe ciki, ƙamshin hatsi na tashi. Kuma gaskiya mai tsala da mai masa na bakin kasuwa sun riga mu sanin wannan aikin, tsimin ƙullu kwana guda shi ne ke ba da laushin da ake ta nema a nan da sinadarai. Ga hura, ga tuwo, ga kunu, ga ƙosai, babu alkama ko ɗaya. Har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 shekarar gero, mu da muke nomanshi muna kashe sefa wajen shigo da fulawa daga waje, kowa ya ga yadda ta yi tsada a 2022 da yaƙin Yukren.

Ban ce alkama guba ba ce fa, mai lafiya ya ci burodinshi da shayi wajen mai tebur, babu komai. Abin da ke tayar mini da hankali yaran da ke da cutar ba a sani ba. Kar a ce ciwon Turawa ne, binciken 1999 a kan yaran Sahrawi na Yammacin Sahara ya samu kashi 5.6 cikin 100, ya fi na Turai sosai. A nan Faransa gwajin jini ake yi sannan a duba hanji, inshorar lafiya ma tana biyan wani kaso na kuɗin abincin. A gida yaro na zawo ba ya tsayawa, ciki a kumbure, jini ya yi ƙasa, baya girma, sai a ce haƙori ne ko shawara, a ƙara mishi biskit da taliya don tausayi.

Iya, Inna, in kun ga haka ku kai shi asibiti ku tambayi likita zancen alkama, amma kar ku hana mishi ita kafin gwaji don sakamakon na iya fitowa ba daidai ba. In kuma an tabbatar, a kula da ɗan wake, yanzu da yawa fulawa suke zubawa a ciki, kuma a tambayi mai injin niƙa ko ya niƙa alkama kafin a zuba hatsin yaron, ɗan abin da ya maƙale a injin ma ya isa ya tayar da ciwon.