Ba Django ne ya cinye maka CSS ba

Da yawa in sun ɗora shafin da suka gina da Django (kayan aikin gina shafin intanet) a saba, wato kwamfutar da ke riƙe shafin a intanet, suka mayar da DEBUG (saitin da ke nuna bayanin kuskure lokacin gwaji) zuwa False sai su ga shafin ya koma tsirara, ba kala ba hoto, har admin, shafin gudanarwa, ma rubutu zalla, sai a fara cewa wai fayilolin CSS, masu ba shafi kala da tsari, ne suka lalace. Lafiyarsu ƙalau fa. A kwamfutarka runserver, umarnin da ke kunna shafin don gwaji, ne ke miƙo CSS da JavaScript, kuma sai DEBUG na True yake yi, kana kashewa ya janye hannu, da gangan aka tsara shi haka.

Toh ka saita STATIC_ROOT, wato foldar da za a tara fayilolin, ka buga umarnin collectstatic ya tattara komai a foldar, sannan ka nuna wa Nginx (manhajar da ke miƙa wa masu ziyara fayiloli a saba) foldar, in kuma kana ganin Nginx wahala ce ka sa WhiteNoise kawai, ƙarin da ke sa Django miƙa fayilolin da kansa. A burauza danna F12 ka duba Network, in ka ga lambar kuskure 404 hanyar fayil ɗin ce ba daidai ba, 403 galibi Nginx ne bai da izinin karanta foldar. Don Allah kar ka mayar da DEBUG True don kala ta dawo, kuskure ɗaya ya faru kowa zai ga saitinka a fili.