Ɓoye suna ba ya nufin ba za a gane ka ba

Ma'aikata da yawa a Abuja sun ɗauka cewa idan suka rubuta ƙorafi kan kamfaninsu a Glassdoor, shafin intanet da ma'aikata ke yin sharhi kan wuraren aikinsu, tunda ba a nuna suna, babu mai gano su. Ba haka abin yake ba.

Jama'a ne ba sa ganin sunanka, amma shafin yana riƙe da imel ɗin da ka yi rajista da shi, kuma kotu na iya tilasta masa ya bayar. A 2017 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta umarci Glassdoor ya bayyana wasu masu sharhi. A 2022 ma kamfanin kayan wasa na Zuru ya samu irin wannan umarni.

Amma abin da ya fi tona asiri shi ne rubutun kansa. Idan ofishinku a Wuse mutum goma ne, ka ce kai akanta ne, aka riƙe maka albashin watan azumi, wa ya rage? Manaja ba ya buƙatar lauya. Wannan yana damuna ƙwarai, domin masu faɗin gaskiya ne ke rasa aiki.

Kar ka ambaci muƙaminka ko watan da abin ya faru, kuma kada ka yi amfani da kwamfutar ofis.