Nasiha ga ƙannena masu karatun adabin Hausa

Ƙannena ɗaliban sakandare da na kwalejin ilimi a nan Katsina, na ji wasunku na cewa a cire tsofaffin littattafan adabi daga manhaja, ko a riƙa tsallake wasu shafuka, saboda maganar bayi da kuyangi da kalmar "arna" da ke cikinsu. Ban ga laifin wanda ransa ya sosu ba, amma wannan shawara ban yarda da ita ba.

Ku tuna inda littattafan nan suka fito. Gasar rubutun da Rupert East, wani Bature ma'aikacin mulkin mallaka, ya shirya a 1933 ce ta haifi Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta yana koyarwa a Midil ta Katsina, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shekara 30 kacal ke nan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, kuma waɗanda suka ɗanɗana bauta suna nan da ransu a cikin gari. Shaihu Umar labari ne na yaron da aka sace aka ƙetara Sahara da shi, uwarsa ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. In aka yage wannan, wa zai gaya wa yaron Daura cewa a ƙasarsa an taɓa sayar da mutum kamar akuya? Ni dai a nan na fara jin zafin abin a zuciyata.

Haka kuma, kada kowa ya ɗauka cewa tunda magabata sun rubuta kalma, ta halatta a bakinsa. A ajinku akwai ɗan Maguzawa daga Kafur ko Malumfashi, kuma in aka karanta "arna" aji ya fashe da dariya, shi ne zai koma gida da ciwon. Haƙƙin malami ne ya dakata a wannan layi, ya bayyana zamanin da aka yi rubutun, ya faɗa ƙarara cewa yau cin mutunci ne. Ku da za ku zama malamai gobe, wannan nauyi a wuyanku yake.

Ku sani kuma, rubuce-rubucen nan sai da suka bi ta hannun ma'aikacin mulkin mallaka kafin a buga su. Saboda haka in kun buɗe Ganɗoki, ku tambayi malaminku yadda aka yi labarin yaƙi da Turawa ya fito daga ofishin Bature, da abin da marubucin zai iya faɗa a wancan lokaci da wanda dole ya haɗiye.