Mai kemis ne ke fara ganin annoba, amma ba ya cikin lissafin gwamnati

Tun da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate ta ƙaddamar da shirinta na shigar da fasahar zamani cikin harkar lafiya a shekarar 2024, mafi yawan maganganun da ake yi sun tsaya ne kan yadda za a zuba bayanan marasa lafiya a kwamfutocin manyan asibitoci. Su kuwa ƙananan kantunan magani, labarinsu ba ya wuce samame da garƙame shaguna. Wannan rabon aiki yana damuna ƙwarai, domin ya nuna masu tsara manufofin sun manta inda talaka yake fara kai kukansa idan ɗansa ya kwana da zazzaɓi.

Kowa ya sani cewa a unguwannin Kano da ƙauyukan Jigawa ko Zamfara, mai kemis ake fara nema, saboda yana kusa, yana buɗe da daddare, kuma yana bayar da bashi. Lokacin da cutar mashaƙo ta ɓarke a ƙarshen 2022, Kano ta zama inda ta fi ƙamari, kuma duk wanda ya san halin mutanenmu ya san cewa yaro mai ciwon wuya sai ya sha maganin kemis kafin a yi tunanin kai shi asibiti. Idan mai kanti ya ga maganin gudawa yana ƙarewa da saurin da bai saba gani ba, to ya riga jami'in sa ido na ƙaramar hukuma sanin cewa kwalara ta shigo gari. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa tana da manhajar SORMAS, wadda aka samar bayan annobar Ebola ta 2014 domin bibiyar ɓarkewar cututtuka, amma bayanan da ke shiga cikinta galibi daga asibitoci da jami'an gwamnati suke fitowa, wato bayan cuta ta riga ta yi nisa.

Masu cewa jawo masu kemis cikin tsari tamkar halasta likitan bogi ne ba su taɓa faɗa mana wanda zai maye gurbinsu a ƙauyen da babu ma'aikacin jinya ko ɗaya ba. Gaskiya ne akwai ɓata-gari a cikinsu, kuma badaƙalar kodin ta 2018 ta tona asirin wasu, sai dai wanda aka yi wa rajista ake iya hukuntawa, wanda aka kora kuwa komawa yake yi sayarwa a ɗakinsa inda babu mai ganinsa.

Abin takaicin shi ne mun riga mun gwada irin wannan. Tun 2010 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC ta kawo tsarin kankare lamba a jikin kwalin magani a tura ta saƙon waya domin tantance na gaske, kuma ƙaramar waya ce ta yi aikin, babu intanet. Me zai hana mai kemis ya riƙa tura gajeren saƙo kyauta, da Hausa, duk ranar da ya ga wata alama ta yawaita? Domin saka masa, a sauƙaƙa masa rajista, a horar da shi kan lokacin da ya wajaba ya tura mara lafiya asibiti, a kuma haɗa shi da cibiyar dillalan magani ta Dangwauro da ke Kano, inda aka mayar da 'yan kasuwar Sabon Gari a 2024. Kwamishinonin lafiya na jihohin Arewa ba sa buƙatar jiran Abuja ko masu ba da tallafi kafin su fara wannan, ko da a ƙaramar hukuma ɗaya ce, kafin damina ta sake kawo kwalara.