Wa gwamnati ke ceta idan kamfanin mota ya durƙushe?

Tun lokacin da Nissan ya sanar a watan Mayun 2025 cewa zai rage ma'aikata 20,000 ya kuma rufe masana'antu bakwai, wasu matasa masu kiran kansu masana kasuwa suka cika mana WhatsApp da shawara guda: a sayi hannun jarin kamfanonin mota tun da farashi ya faɗi, wai babu gwamnatin da za ta bari irinsu su mutu. A wata fada a unguwar Wadata, nan Yamai, na ga ɗaya daga cikinsu yana nuna wa wani dattijo mai sayar da kayan gyaran mota jan layin da ke nuna faɗuwar farashin hannun jari a fuskar waya, yana cewa: "Baba, ai faɗuwar nan ita ce ribar." Dattijon ya ajiye kofin shayinsa, ya shiga lissafin jakunkunan da zai iya cirewa daga uwar kuɗin shagonsa.

Rabin maganar yaron gaskiya ce, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya haɗari a harkar kuɗi. Bayan rugujewar bankin Lehman Brothers a watan Satumban 2008, bashi ya ƙafe, Amurkawa suka daina sayen mota, Chrysler ya shiga kotun fatara a watan Afrilun 2009, General Motors ya bi shi ranar 1 ga Yuni. Gwamnatin Amurka ta zuba wa General Motors kusan dalar Amurka biliyan 50, kamfanin kuwa yana nan har yau. Amma wanda ya rayu sabon kamfani ne: baitulmalin Amurka ya ɗauki kusan kashi 61 cikin ɗari, aka raba sauran tsakanin Kanada, asusun lafiyar tsofaffin ma'aikata da masu bin bashi. Tsofaffin masu hannun jari, har da waɗanda suka saya da araha lokacin da farashin ya gaza dala ɗaya, sun tashi hannu rabbana. Ita kanta gwamnatin, da ta gama sayar da kasonta a watan Disamban 2013, asarar sama da dala biliyan 10 ta yi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin mota yana ɗauke da masana'antu, albashi da fansho da dole a biya ko an yi ciniki ko ba a yi ba, kuma idan aka zo rabon gado a kotu, masu bin bashi ne a gaba, mai hannun jari a ƙarshen layi. Abin da ɗan siyasa ke karewa shi ne ayyuka da ƙuri'u. Faransa ta ba Renault da Peugeot rancen yuro biliyan uku-uku a 2009 bisa sharaɗin kada su rufe masana'antu a cikin ƙasar. Da Peugeot ya sake shiga tsaka mai wuya a 2014, gwamnatin Faransa da kamfanin mota na Dongfeng na Sin suka shigo, kason iyalan da suka kafa shi ya sauko zuwa kusan kashi 14. Ganin Fijo 504 tana jigilar kaya a hanyar Tahoua shaida ce ta ƙarkon ƙarfe kawai.

Matasan nan za su kawo misalin Ford, wanda hannun jarinsa ya farfaɗo daga kusan dala ɗaya. Sun manta cewa tun 2006 ya jinginar da kadarorinsa har da tambarinsa ya tara kuɗi, abin da ba wanda zai gano ta kallon jan layi a waya.

Yau ma matsalar ta fi ta wancan lokaci zurfi, domin a 2009 masu saye janyewa suka yi suka dawo, yanzu kuwa suna komawa ga kamfanin mota na BYD da 'yan uwansa na Sin, har Volkswagen ya amince da rage ayyuka 35,000 a Jamus kafin 2030. Tura ɗan kasuwar da rufe iyakar Benin ta riga ta jigata zuwa wannan cinikin biri a sama, ta manhajar da ba ta da ofis a Nijar, rashin imani ne. Ya kamata hukumomi su tambayi masu wannan talla lasisinsu, su kuma tambaye su nawa ake ba su a kan kowane mutum da suka kawo.