Nasiha Ga Ƙannena Masu Kiwon Kare Da Kyanwa A Kaduna

Assalamu alaikum ƙannena. A 'yan shekarun nan kiwon karnuka ya yawaita a hannun samari, daga Barnawa zuwa Malali da Rigasa, wasu don gadin gida, wasu don farauta ko sayar da 'yan kwikwiyo, ita kuwa kyanwa dama tun kaka da kakanni tana cikin gidajenmu saboda ɓera. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, yawancin dabbobin da na ga guba ta kashe, mai su ne ya ba su da hannunsa yana zaton magani yake yi, ko kuma ya ajiye gubar inda bakinsu zai kai.

Da kaina zan fara. Shekarun baya kyanwarmu ta kwana biyu ba ta ci abinci ba, sai na ɓantari Panadol na narka a ruwa na ɗura mata. Washegari fuskarta da ƙafafunta suka kumbura, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, numfashi yana yi mata wuya, kafin la'asar ta mutu. Daga baya likitan dabbobi ya bayyana mini cewa hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol kamar tamu, sai maganin ya lalata jininta har ya kasa ɗaukar iska, kuma ƙwaya guda mai miligiram 500 ta isa ta kashe ta. Har yau abin yana damuna, domin akwai makarinsa da a ce na kai ta da wuri. Haka magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, suna tsatstsaga cikin kare su kashe masa ƙoda. Maganin da aka rubuta wa mutum kada ku ba dabba, komai ƙanƙantarsa, sai da izinin likita.

Sai maganin kaska da ƙuma. Na sha ganin saurayi ya sayo maganin wankan shanu, ya dama shi da kauri ba awo, ya wanke ɗan kwikwiyon da bai fi wata biyu ba. Wani ma har fiya-fiya ko Sniper yake ɗiga wa a ruwan wanka. Wannan sinadari yana ratsa fata ya kai ga jijiyoyi, sai ka ga dabba tana dalalar da miyau, tana zawo da karkarwa, ƙwayar idonta ta tsuke. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da manyan shaguna, amma kowa ya san kwalbarsa ba ta ɓace daga bayan ƙofofinmu ba. Ku sani kuma cewa maganin kaska na kare mai sinadarin famitirin guba ne ga kyanwa, ko da gogar jikin karen da aka shafa wa kawai ta yi. Baƙin mai da kananzir da ake shafa wa kare mai ƙazuwa su ma ku daina, domin dabba da harshe take wanka, duk abin da ke jikinta cikinta zai tafi.

Shinkafar ɓera ita ce ta fi yaudarar mutane. Mafi yawan wadda ake sayarwa hana jini daskarewa take yi, don haka kare zai ci yau ya wuni yana wasansa, mai shi ya ce ai ya sha da ƙyar, sai bayan kwana uku zuwa biyar ya fara kasala, dasashinsa ya yi fari, jini ya riƙa fita ta hanci ko bayan gida, wani lokaci ma a ciki yake zuba ba a gani. Makarinta bitamin K1 ne, ana ba da shi tsawon makonni, kuma ya fi amfani idan an fara kafin alamu su bayyana. Akwai wata kuma baƙar hoda wadda ke fitar da iska mai guba idan ta haɗu da ruwan ciki, har mutumin da ya shaƙi aman dabbar a rufaffen ɗaki tana iya cutar da shi. Gidan da ke da kyanwa ko kare ko yaro mai rarrafe, tarko ya fi masa. In kuwa dole ne a sa gubar, a sa inda ɓera kaɗai ke iya shiga, a gaya wa kowa a gidan har maƙwabta, a kuma riƙa kwashe mushen ɓera ana binnewa.

A ɓangaren abinci, albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare da kyanwa, saboda haka ragowar tsire da miyar da aka cika wa albasa ba abin juye musu kullum ba ne. Cakulan da goro da inabi da zabibi su ma a nisanta su. Ku masu sana'ar gyaran mota a Panteka, ruwan sanyaya injin yana da zaƙi a harshen dabba, kuma ɗan abin da ya zube a ƙasa ya isa ya lalata ƙodar kyanwa.

To, idan tsautsayi ya auku, me za a yi? Al'adarmu ita ce a danne dabba a ɗura mata manja ko madara ko ruwan gishiri. Ina roƙonku ku bar wannan. Manja da madara ba sa karya guba, kuma dabbar da ke karkarwa tana iya shaƙe su su gangara huhu. Gishiri mai yawa shi kansa guba ne. Gawayin murhu ma ba shi ne gawayin asibiti da likita ke amfani da shi ba. Kada ku tilasta amai, musamman idan abin da aka sha kananzir ne ko fetur ko sinadarin wanke bayi, domin zai sake yin ɓarna a hanyar fitowa.

Abin yi shi ne ku janye dabbar daga wurin, ku kwashe ragowar gubar don kada wata dabba ko yaro su taɓa. Idan a jiki take, ku sa safar hannu ko leda ku wanke ta da sabulu da ruwa mai ɗan ɗumi, sannan ku goge ta. Idan tana farfaɗiya, ku kawar da abin da za ta buge, ku rage haske da hayaniya, kuma kada ku sa hannu a bakinta. Wannan na ƙarshe ku riƙe shi da kyau, saboda dalalar miyau da sauyin hali suna iya zama ciwon haukar kare, wanda cizo ɗaya ke sa wa mutum. Daga nan ku kira likitan dabbobi ku kama hanya, tare da kwalba ko takardar abin da aka ci, ku faɗa masa nauyin dabbar, da lokacin da ta ci, da yawan abin da ta ci. Kada kunya ta sa ku ɓoye cewa ku ne kuka ba ta, domin da sunan gubar likita yake zaɓar makari.

Ma'aikin Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi. Wanda ya ajiye dabba ya ɗauki haƙƙinta, kuma cikin haƙƙin akwai sanin inda zai kai ta tun tana da lafiya. Ku nemi lambar likitan dabbobi mafi kusa da unguwarku ku ajiye a waya, ku tambaye shi ko yana amsawa da dare da ranar Lahadi, ku kuma ware ɗan kuɗin mota da na magani. Idan abin ya fi ƙarfinsa, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, tafiyar kimanin kilomita 80 daga Kaduna.